Kun ƙirga taurari, yaran fa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatan gidan naku, shirin wasanninku na daren Asabar ne ya sa na ɗauki biro, domin har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Minti arba'in na yi da rediyo a kunne, ina jira ɗaya daga cikin samarin nan biyu masu gabatar da shirin ya ambaci yaro ko da guda ɗaya. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

Sun gaya mana mawaƙi Robbie Williams ne da abokinsa suka ƙirƙiro Soccer Aid a 2006, wato wasan ƙwallon da taurari ke bugawa don tara kuɗin taimakon yara. Sun gaya mana Maradona ya taka leda a karon farko a Old Trafford, Usain Bolt kuma ya sha ɗaura ƙyallen kyaftin. Har musu suka tsaya yi a kan ko Bolt zai samu gurbi a Kano Pillars, suna ta ƙyaƙyata dariya. Da aka zo kan cewa an tara wa UNICEF sama da fam miliyan 100 daga farawa zuwa yanzu, ɗayansu ya ce tabɗijam, sai aka saki kiɗa. Shi ke nan. To Malam, kuɗin nan domin wa aka tara su? Ba domin yara ba? Yaya za a yi shiri sukutum a kan taimakon yara, a ƙirga taurari ɗaya bayan ɗaya kamar ana jan carbi, amma yaran ko ƙeyarsu ba mu hango ba?

Ni tela ne, shagona yana nan Zariya. Shekara 17 ke nan ina tara yaran unguwarmu bayan la'asar a wani fili da ke bayan makarantar firamare ina koya musu ƙwallo. Ba mai biyana ko sisi. Akwai marayu a cikinsu, akwai almajirai, akwai waɗanda iyayensu suna raye amma talauci ya sa kamar babu su. In riga ta yage ni ke ɗinkewa, in ƙwallo ta fashe mu yi karo-karo. Saboda haka in ana maganar jakadun gidauniya, ni ba labari aka ba ni ba, na ga ɗaya da idona.

Shekara uku da suka wuce wasu mutane suka zo shagona a wata jibgegiyar mota, suka ce daga wata gidauniya suke mai taimakon yara marasa galihu ta hanyar tamaula, kuma jakadansu, wani tauraro da kowa ya san fuskarsa a talabijin, zai zo filinmu. Ba zan kama suna ba, shi ya san kansa. Suka ce in tara musu yara 60. Kwana uku muka yi muna gyaran fili. Muka tsince fasassun kwalabe da ledoji, muka cike ramuka da jar ƙasa, muka ja layi da toka da yaran suka bi gida-gida suka roƙo a murhun iyayensu mata. Ranar, tun ƙarfe tara na safe yara suka hallara, kowa ya shafa mai, wasu sun aro takalmi wanda ya fi ƙafarsu. Aka kafa rumfa ɗaya domin manyan baƙi, yara kuwa aka jera su a rana wai don hoto ya fi fitowa. Aka yi azahar babu shi. Na sayi ruwan leda jaka biyu da kuɗin aljihuna. Sai wajen ƙarfe uku jiniya ta tashi.

Ya sauko, ya ɗaga hannu, aka yi ta ihu. Gaskiya mutum ne mai fara'a, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya ɗana ƙwallo a ƙafa sau biyu ko uku, ya buga fanareti ɗaya, ya durƙusa a tsakiyar yaran aka yi ta haska su da kyamara. Ko minti ashirin bai cika ba wani mai baƙin tabarau ya raɗa masa magana a kunne, ya koma mota. Ƙurar motarsa ba ta gama lafawa ba ma'aikatan suka fara kwance ragar da suka ɗaura da safe, suka bi ƙwallaye goma sha biyu da aka baje a gaban kyamara suna zubawa a buhu. Na ce lafiya? Suka ce gobe akwai irin wannan taro a wani gari. Abin da ya rage mana riguna ne masu tambarin gidauniyar a ƙirji, su ma ba su kai ga kowa ba, sai da na raba faɗa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne golana. Yaro ne almajiri ɗan kimanin shekara 12, yana wanke kwanuka a wajen wata mai sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, ladansa kwanon abinci da rana da ɗan canji. Shi ne ya tsaya a raga lokacin fanaretin, an ma ja masa kunne kada ya kuskura ya kama. Saboda wunin da ya yi a fili bai je aiki ba, da ya je washegari ya tarar ta ɗauki wani. Sati biyu yana bara kafin na samo masa wurin wani mai shayi. Hotonsa kuwa, yana tsalle gefen da ba can ƙwallon ta nufa ba, na gan shi a Facebook an rubuta a ƙasa cewa an canza rayuwar yara. Har yau yana sa rigar, lambar bayan ta kankare, wuyan ni na sake ɗinke masa sau biyu.

Kada ka ce ina ƙyashin masu suna ne, ko ina cewa su daina. Ko kusa. Na san in ba don fuskokinsu ba, ba wanda zai cika Old Trafford ya biya kuɗin ƙofa domin yaron da bai taɓa gani ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma mu Hausawa mun san jakada tun kafin zuwan rediyo. Jakadan hakimi shi ne mai zuwa ƙauye ya kwana, ya san gidan dagaci, ya san wanda gonarsa ta yi kyau da wanda fari ya cinye tasa, ya koma ya kai labari. Wanda bai san hanyar ƙauyen ba, bai san sunan mutum ɗaya a cikinsa ba, da wane baki za a kira shi jakada?

Kuma akwai na gaske, su ne samarinku suka tsallake. Marcus Rashford da abincin makaranta na kyauta ya tashi a Manchester, shi ya sa a 2020 ya rubuta wa 'yan majalisar Birtaniya wasiƙa, ya tsaya kai da fata har gwamnatin Boris Johnson ta janye shirinta na dakatar da ciyar da yaran talakawa lokacin hutu. Yunwar da ya sani ce ya yi magana a kanta. Juan Mata a 2017 ya yanke kashi ɗaya cikin ɗari na albashinsa ya zuba a Common Goal, asusun da ke tallafa wa ayyukan taimako ta hanyar ƙwallo, ba na rana ɗaya ba, ya kuma jawo wasu suka bi sahu. Sadio Mané ya gina makaranta da asibiti a ƙauyensu Bambali a Senegal. Ko a gida, Nwankwo Kanu tun shekarar 2000 yake fama da gidauniyar yi wa yara aikin zuciya, bayan shi kansa an tsaga ƙirjinsa.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, a ƙarshen shirin sun taɓo gasar kofin duniya ta yaran da ke kwana a titi, suka wuce ta a jimla ɗaya kamar an taka garwashi. Alhali nan ne nama yake. An fara ta a Durban a 2010, aka yi a Rio a 2014, a Mosko a 2018, a Doha a 2022. A Rio yaran Tanzaniya ne suka ɗauki kofin maza bayan sun doke na Burundi, wato wasan ƙarshe tsakanin yaran Afirka zalla, amma mai sauraronku bai ji wannan ba. Sannan duk yaron da zai hau jirgi zuwa gasar sai an yi masa fasfo, fasfo kuwa ba ya samuwa sai da shaidar haihuwa, ga shi yawancinsu ba su da ita. Shi ya sa masu shirya gasar suka mayar da maganar takardar haihuwa cikin manyan abubuwan da suke matsa wa gwamnatoci a kai. Ni da na ji haka a karon farko sai da na ajiye almakashi. A cikin yarana fiye da rabi ba su da wannan takarda. An taɓa hana mu shiga gasar 'yan ƙasa da shekara 13 saboda ita, alƙalin gasar yana duba haƙoran yara da tsawonsu kamar a kasuwar awaki. Da samarin nan sun tsaya a nan minti biyar kacal, da wani uba a ƙauye ya ji ya tashi ya nemo wa ɗansa takarda.

Roƙona, in za ku sake irin wannan shiri, ku tambayi duk gidauniyar da ta kawo muku tauraro: yara nawa, a wace unguwa, kuma wa ya koma ya duba su bayan wata shida? Ku aiko wakilinku da rikoda, filaye irin nawa sun cika Zariya da Kano da Katsina. Yaran suna da baki, kuma wallahi sun fi wasu masu sharhin sanin ƙwallo.

Tun da na riga na ɗauki biron, bari in amayar da wata. Tallan maganin gargajiyan nan da kuke sakawa a tsakiyar shirin wasanni, don Allah ku duba shi. Sau huɗu aka saka shi a daren Asabar, mutumin yana zayyana cututtukan ma'aurata da kalmomin da ba za su faɗu a gaban surukai ba. Yara ne ke zagaye da rediyon a ƙofar shagona, ni kuma ina ta rage murya ina ƙarawa kamar mai tuƙin mota a gargada. In ba za a iya cire shi ba, a kai shi bayan sha ɗaya na dare. Lambar wayar da kuke bayarwa kuma, tun azumin bara nake kira, kullum a kan wani kiran take.

A gaida samarin biyu, ba faɗa nake yi da su ba, muryarsu tana da daɗi. In sun shigo Zariya su nemi tela mai usur a wuya, muna fili kullum bayan la'asar ban da Juma'a. Su zo da ƙwallo ɗaya in da hali, tamu ta sha faci har ba a gane asalin launinta.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Tela mai horar da yara, Zariya