Wasiƙa Zuwa Ga Abokina Game Da Karatun Littafi Mai Tsarki

Zuwa ga abokina kuma ɗan'uwana cikin Almasihu,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma a nan lafiya muke, sai godiya ga Allah. Wasiƙarka ta iso ni, na kuma karanta ta a tsanake, musamman inda ka ce tun da ka kama sabon aikin nan karatun Littafi Mai Tsarki ya gagare ka, abin da ya rage maka kawai shi ne ayar da ake turowa a waya kowace safiya, wadda kake karantawa kana ɗaura takalmi, kafin rana ta raba kuma ka manta da ita. Ka nemi in ba ka sunayen littattafan da za su farfaɗo maka da zuciya. Zan ba ka, amma sai can ƙasa, domin a ganina ba rashin littattafai ne ke damunka ba.

Ban raina ayar safe ba, da babu gara ba daɗi. Sai dai ka tuna cewa annabawa da manzanni ba ayoyi suka rubuta ɗaya bayan ɗaya ba. Wasiƙu suka rubuta, da labarai, da waƙoƙi, da shari'o'i, kowanne da farkonsa da ƙarshensa. Rabon surori da muke amfani da shi yau ana danganta shi ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyi na Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 wani mai buga littattafai, Robert Estienne, ya sa su. Ka ga ke nan masu bi sun yi fiye da shekara 1000 suna karanta wasiƙun Bulus ba tare da waɗannan lambobi ba. Lambobin suna da amfani wajen neman wuri, amma sun sa ya yi mana sauƙi mu tsinko jimla ɗaya mu bar abin da ke gabanta da bayanta.

Dubi Irmiya 29:11, wadda na tabbata an turo maka ita ba sau ɗaya ba, inda Ubangiji yake cewa ya san shirin da yake da shi domin mutanensa, shiri na alheri ba na masifa ba. Wanda ya karanta ta ita kaɗai zai ɗauka gobe ko jibi wahalarsa za ta ƙare. Amma koma sura 28, za ka tarar da wani annabi mai suna Hananiya yana tsaye a Haikali yana gaya wa jama'a cewa cikin shekara 2 za a karya ikon Babila, waɗanda aka kwashe kuma su dawo gida. Magana ce mai daɗin ji, ƙarya ce kuwa, shi kansa bai kai ƙarshen shekarar da rai ba. Sa'an nan Irmiya ya aika wa waɗanda ke bauta da wasiƙa, ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi, su kuma yi masa addu'a, gama sai shekara 70 sun cika tukuna. A cikin wannan wasiƙa ce ayar nan take. Yawancin manyan da suka fara jin ta ba su sake ganin Urushalima ba. Ni wannan bai rage mini ƙarfin alkawarin ba, ƙara masa nauyi ya yi, domin ya zama magana ga mutumin da aka ce ya zauna ya yi aikinsa da aminci a wurin da bai zaɓa ba. Ina jin kai ma, da kake nesa da danginka, wannan fassarar ce za ta fi yi maka amfani. Haka Filibiyawa 4:13 take, inda Bulus ya ce zai iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa shi: Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, abin da yake cewa zai iya kuwa shi ne zama da ƙoshi da zama da yunwa, da samu da rashi.

Shawarata ita ce ka ɗauki littafi guda ka karanta shi daga farko har ƙarshe, ka kuma fara da Markus. Sura 16 ne kawai, ko da murya ka karanta ba zai kai ka awa 2 ba, idan kuwa zama ɗaya ya faskara ka raba shi gida uku. Akwai abin da ba za ka taɓa gani ba sai ta haka. Sau uku Yesu ya faɗa wa almajiransa cewa za a kashe shi, a sura 8 da 9 da 10, kowane karo kuma sai su mayar da abin da ke nuna ba su gane ba. Da fari Bitrus ya ja shi gefe yana tsawata masa. Na biyu suka kama gardama a hanya kan wane ne babba a cikinsu. Na uku Yakubu da Yahaya suka zo neman kujerun dama da hagu. Kafin duk wannan Markus ya ba da labarin makahon Betsaida, wanda da aka taɓa shi da farko ya ce yana ganin mutane kamar itatuwa suna tafiya, sai da aka sake ɗora masa hannu ya gani sarai. Bayan karo na uku kuma sai ga wani makaho, Bartimawas, a bakin hanyar Yariko, wanda da idonsa ya buɗe ya bi Yesu. Wanda ya karanta a jere zai gane cewa makafi biyun nan ba a banza aka ajiye su a waɗannan wurare ba, zai kuma fara tambayar kansa ko shi ma gani-gani yake yi.

Ban ba ka shawarar tsarin nan na gama Littafi Mai Tsarki cikin shekara guda ba. Tsari ne mai kyau, amma surori 1189 ne, wato sura 3 ko 4 kowace rana, kuma da yawa daga masu farawa da zafi a Farawa sukan tsaya a Littafin Firistoci, sai kunya ta hana su komawa. Lokacinsa zai zo. A yanzu kaɗan da za ka riƙe ya fi maka mai yawa da zai zube.

Game da addu'a da ka ce ta bushe a bakinka, ka koma Zabura, ka riƙa karanta ɗaya da murya kana mai da ita taka. Kada ka tsaya ga na yabo kaɗai. Zabura 13 ta fara da tambayar Allah har yaushe zai manta da mai roƙo, Zabura 88 kuwa ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko jimla guda ta murna a ƙarshenta, duk da haka tana cikin 150 ɗin da aka ajiye mana. Wannan ya nuna mini cewa mai bi ba ya bukatar ya wanke fuska kafin ya zo gaban Allah. Mun saba a taron sujada kowa ya ce lafiya lau, amma Zabura ba ta san wannan kara ba.

Bayan Markus ka shiga wasiƙar Yakubu, sura 5 ce, a nan ne karatu yake biyo mutum har wurin aiki. Ka gaya mini yanzu akwai mutane a ƙarƙashinka. To, Yakubu ya yi magana a kan hakkin ma'aikatan da aka danne, ya ce kukansu ya kai kunnen Ubangiji. Ya yi magana a kan ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau a bar matalauci a tsaye. Ya ce mutum ya yi hanzarin ji, ya yi jinkirin magana, ya yi jinkirin fushi. Ka ɗauka ka karanta wannan da safe, da hantsi kuma wani yaronka ya ɓata aiki, saƙo mai zafi ya shigo daga wanda ke sama da kai, yatsanka yana kan waya za ka sauke wa yaron abin da aka sauke maka. Idan ka ajiye wayar, ka kira shi gefe ka fara tambayarsa abin da ya faru, to karatun safiyar ya yi aikinsa, ko da ba ka iya kawo lambar ayar ba. Idan kuwa ka haddace surar duka amma albashin mai yi maka hidima a gida yana kwana a aljihunka bayan ƙarshen wata, Yakubu da kansa ya ba da sunan irin wannan bangaskiya, ya ce matacciya ce.

Yanzu ga littattafan da ka tambaya, biyu kawai zan ambata. Na farko shi ne Confessions na Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, wanda aka haifa a 354 ya rasu a 430. Littafin gaba ɗayansa addu'a ce, yana ba Allah labarin rayuwarsa: yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka saci 'ya'yan itace ba don yunwa ba sai don daɗin yin laifi, yadda mahaifiyarsa Monika ta yi shekaru tana kuka dominsa, da yadda a 386 a wani lambu a Milan ya buɗe wasiƙar Romawa sura 13, abin da ya karanta ya yanke masa jinkirin da ya daɗe yana yi. Kashi 13 ne, 9 na farko su ne labarin. Sauran suna da zurfin falsafa, idan sun yi maka nauyi ka bar su sai wani lokaci. Na biyu shi ne The Pilgrim's Progress na John Bunyan, mai gyaran tukwanen ƙarfe da ya yi kimanin shekara 12 a kurkukun Bedford saboda wa'azi ba da izinin hukuma ba. Littafin ya fito a 1678, an kuma fassara shi cikin harsuna masu yawa. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda matafiyin ya kwana a kurkukun fid da zuciya, sai daga baya ya tuna cewa mabuɗin da ake kira alkawari yana ƙirjinsa tun farko. Wannan za ka iya karanta wa yara da dare, za su bi labarin.

Littattafan da ke yi maka alkawarin arziki ko buɗi cikin 'yan kwanaki idan ka bi wasu matakai kuwa, ka yi hattara da su, domin Hananiya bai rasa magada ba. Ba na cewa kowane sabon littafi banza ne, akwai nagari sosai. Ka dai yi abin da mutanen Biriya suka yi a Ayyukan Manzanni sura 17, waɗanda ko Bulus da ya yi musu wa'azi sai da suka riƙa bincika Nassi kowace rana su ga ko haka abin yake. Duk ayar da marubuci ya kawo, buɗe ka karanta surar duka. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ko mai littafin bayani yake yi ko kasuwa yake ci.

Kuma kada ka yi karatun kai kaɗai idan da hali. Mutumin Habasha nan na Ayyukan Manzanni sura 8 yana cikin karusarsa da littafin Ishaya a hannu, amma sai da Filibus ya hau ya zauna kusa da shi ya fahimta. Maiɗakinka tana nan, ku riƙa karɓa-karɓa, kai sura ɗaya ita sura ɗaya. A ikkilisiyar da kake zuwa kuma ka nemi dattijo guda da za ka riƙa kai wa tambaya.

Idan ka gama Markus ka rubuto mini, ka faɗa mini wurin da ya fi damunka, ba wanda ya fi yi maka daɗi ba, ni ma zan sake karanta shi a wannan watan domin mu tattauna. Iyalina suna gaishe ku ƙwarai. Ka gai da maiɗakinka da yara, da 'yan'uwa masu bi da ke wurin. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ni ne naka,
abokinka kuma ɗan'uwanka cikin Almasihu.