Sirdi ke cin bayan doki, ba nisan hanya ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin masu dawaki a nan Tawa da sauran ƙasar Adar, musamman masu doguwar tafiya a kansu. Da zarar an ga gashi ya goge a bayan doki sai a ce ai wahalar hanya ce. Ba haka ba ne. A gasar doguwar tafiya ta ƙasashen waje doki na cin kilomita 80, 120, har 160 a yini, kuma a kowane zango likitan dabbobi sai ya shafa bayansa; wanda ya yi miki, an fitar da shi ke nan. Da yawa suna gamawa bayansu lafiya lau, saboda sirdin ya zauna daidai.

Kafin a ɗaura, a ɗora sirdin a bayan doki ba jalala (shimfiɗar ƙarƙashin sirdi), ba komai. Gabansa ya zauna bayan allon kafaɗa da kamar yatsa biyu zuwa uku, don kafaɗa na komawa baya duk lokacin da doki ya miƙa ƙafa. Tsakanin gaban sirdi da tudun ƙashin da ke ƙarshen wuya, yatsa uku su shiga, kuma a sake gwadawa bayan mahayi ya hau, domin nauyi na rage wannan tazara. Katakon sirdi kada ya taɓa ƙashin gadon baya ko kaɗan. Ƙarshensa kuma kada ya wuce haƙarƙarin ƙarshe, don daga nan zuwa kuturi babu ƙashin da zai ɗauki nauyi. Sai a zura tafin hannu ƙarƙashi daga gaba zuwa baya: in ya matse a gaba da baya amma tsakiya fayau, nauyin mahayi duka a wurare huɗu kawai zai sauka.

Gumi ba ya ɓoye gaskiya. In an sauke sirdi aka ga baya ya jiƙe duka sai wani ɗan wuri busasshe, to nan ne matsi ya hana fata yin gumi. Gashi ya kwanta a murɗe ko ya kakkarye a wajen ƙarshen sirdi, alamar sirdin na lilo ke nan, ko jalalar ta yi tauri. Farin gashi kuwa da ya tsiro a bayan doki mai duhun launi, tabon tsohon matsi ne.

Kuskuren da ya fi damunmu shi ne ƙara tsumma. Sirdin da ya yi faɗi ana iya cike shi da huhu, wato shimfiɗa mai laushi. Wanda ya yi ƙunci kuwa, ƙara masa shimfiɗa tamkar sa safa biyu ne a cikin takalmin da ya matse. A tuna kuma doki na ramewa: sirdin da ya zauna da kaka, lokacin harawa da dusa, in bazara ta yi sai ya faɗa kan ƙashi.

Ƙurar hunturu ma na da nata laifin. Ta haɗu da gishirin gumi ta bushe a jalala, sai ta riƙa kankare gashi. A goge bayan doki kafin ɗauri, a wanke jalala a ɗauraye sabulun sarai, a ɗaga tsakiyarta ta shige cikin ramin sirdi. Majayi, ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki, ya tsaya bayan gwiwar sama ta ƙafar gaba (wadda ke jikin ƙirji) da faɗin tafin hannu, a ja shi sannu a hankali, sannan a jawo ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya don fatar da ta naɗe ta warware. Masu bin duwatsun Keita da Buza su ƙara igiyar ƙirji, kada sirdi ya zame baya a hawa.

In fata ta riga ta saɓule, don Allah a bar shafa baƙin man mota. A wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita, a kare wurin daga ƙuda, kada sirdi ya koma sai ya warke sarai. In ya kumbura ko yana mugunya, a kira likitan dabbobi.

Daga wasu masu kiwon dawaki,
Tawa