Kafin a kwaso yaran karkara zuwa Gidan Zoo na Kano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da malaman firamare da na Islamiyya na ƙauyukanmu, waɗanda kan haɗa karo-karo a ƙarshen zango su kai ɗalibai Gidan Zoo na Audu Bako da ke Kano. Tun da aka buɗe gidan a 1972, zamanin gwamnan da aka sa masa sunansa, nan ne yawancin yaran Kano da Jigawa ke fara ganin zaki ido da ido. Sai dai sau da yawa akan biya kuɗin mota da na shiga, a dawo da yara ba su ga komai ba sai jelar zaki a inuwa. Matsalar daga lokacin zuwa take.

Zaki kan kwashe har kusan awa 20 a kwance cikin kwana guda, kuma da sanyin safiya ko gab da magariba yake motsi. Kura kuwa dare ne nata. Motar da ta tashi daga Gaya ko Ringim ƙarfe tara, ta sha cinkoson cikin gari, ba za ta isa Titin Gidan Zoo ba sai rana ta take, lokacin da kowace dabba ta nemi lungu. A tashi bayan sallar asuba, a isa ana buɗe ƙofa, a fara da kejin zaki da na kura, a bar tsuntsaye da kada zuwa hantsi. Hunturu ya fi dacewa da wannan tafiya, don a bazara zafi kan haura digiri 40, yara su galabaita tun kafin azahar. Ranakun bikin sallah kuma a bar wa 'yan birni. Turmutsutsun ranar ba na mai riƙe da 'ya'yan mutane arba'in ba ne.

Kafin ranar, a tura mutum ɗaya da takardar makaranta ya ji kuɗin shiga da lokacin buɗewa daga bakin ma'aikatan gidan, kada a dogara da abin da wani ya biya bara. Kowane babba ya riƙe yara goma, kada su wuce haka, kuma in akwai 'yan mata lallai a tafi da malama. A ƙirga su wajen hawa mota, a bakin ƙofa, da lokacin fitowa. A rubuta sunan makaranta da lambar wayar malami a sa wa kowane yaro a aljihu, domin yaron ƙauye in ya ɓata a birni kuka kan hana shi faɗin ko sunan garinsu. Ruwa kuwa leda uku ga kowane yaro, wato ɗalibai 40 jaka shida ta fiya wata. Kada a cika musu ciki da koko da ƙosai kafin a hau mota, wanda bai saba doguwar tafiya ba amai zai yi.

Ledar ruwan nan ita ce abin da na fi so a kula da shi. Duk mai kiwo ya san abin da leda ke yi wa akuya: ta dunƙule a tumbi, dabba ta daina cin abinci, ta rame har ta mutu. Haka take yi wa barewa. Jimina ta fi muni, don ɗabi'arta ce haɗiye tsakuwa ta niƙa abinci da ita, saboda haka murfin kwalba ko ɗan kunne duk tsinta take yi. A ba babban yaro ɗaya buhu ya riƙa tattara ledojin.

Wajen birai ne aka fi samun rauni, ba wajen zaki ba. Yaro ya miƙa gyaɗa ko biskit ta tsakanin waya, biri ya cafke yatsan tare da abincin. In ya yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, sannan a wuce asibiti a ranar saboda allurar ciwon haukan kare da ta tetanus. Kada a ce sai an koma gida a shafa magani. Kada shi ma yana da nasa ruɗin: yakan kwanta baki buɗe kamar gungume, sai yara su fara jifansa wai su ga ko da rai. Zafi yake fitarwa ta bakin nan, kuma in ya tashi zabura ƙiftawar ido ce. Ba jifa, ba zama a kan katanga don ɗaukar hoto. Wanda ya tuna zakin da ya kuɓuce daga kejinsa a gidan a 2019 ya san shingen nan ba ado ba ne.

Malami kuma ya je da abin faɗa. Yaranmu sun san kura a tatsuniya, wasunsu sun gan ta da takunkumi a hannun gardawa ranar kasuwa, to a nuna musu haƙoran da take fasa ƙashi da su. A sa su ƙirga yatsun jimina, biyu ne kacal a kowace ƙafa, ga shi ƙwanta ɗaya ya kai na kaza ashirin da 'yan kai. Ina kuma roƙon hukumar gidan ta sa bayanin kowace dabba da Hausa, har da ajami, don almajiran allo su ma masu ziyara ne.

A ci abinci a inuwa, a yi azahar, a kama hanya kafin la'asar, yadda motar Rano ko Dutse za ta sauke yara a ƙofar makaranta da sauran haske.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Wani malamin firamare,
Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa.