Ƙorafi ga kamfanin da ke riƙe mana shafuka: sanarwar tsaro tana iso mu bayan ɓarna

Zuwa ga shugabannin kamfani da ma'aikatan sashen tsaro,

Assalamu alaikum. Mu ne masu kula da shafukan intanet na 'yan kasuwa, makarantu da ƙungiyoyi waɗanda suke zaune a kan sabarku, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan. Ba mu ce kada ku sabunta manhaja ba. Yadda kuke sanar da mu ne ya dame mu.

Kun ɗaga PHP, harshen manhajar da shafukanmu ke aiki da shi, daga siga ta 7.4 zuwa ta 8 a dare ɗaya. Gyaran ya dace, domin tun 28 ga Nuwamba 2022 aka daina toshe ramukan tsaro a 7.4, kuma barin ta a kan saba kamar barin ƙofa ce a buɗe. Amma PHP 8 ta cire wasu tsofaffin umarni irin su create_function da each, kuma akwai jigogi (tsarin kamannin shafi) da fulogin (ƙananan manhajojin ƙari) na WordPress, manhajar gina shafi, da yawa da har yanzu suke kiran su. Shafin da ke ɗauke da irin wannan fulogin ba ya yin gargaɗi, faɗuwa yake yi gaba ɗaya: mai shago ya buɗe wayarsa da safe, ya tarar da farin allo ko kuskure mai lamba 500, masu saye kuma sun koma wani wuri. Saƙonku ya iso ne bayan an riga an yi sauyin. Da kun ba da kwana 30, kuka bar zaɓin sigar PHP a buɗe a cPanel, allon da muke sarrafa shafukanmu da shi, da kowa ya gwada shafinsa a kan kwafi, ya cire abin da ya tsufa kafin ranar.

Su kansu saƙonnin naku suna faɗawa kwandon shara a Gmail. Mun duba bayanan da ke nuna asalin saƙon, babu sa hannun DKIM mai tabbatar da cewa daga gare ku yake, sabar da ta aiko shi kuma ba ta cikin jerin SPF ɗinku, wato jerin sabar da kuka yarje wa aika saƙo da sunanku. Tun Fabrairu 2024 Gmail da Yahoo suka wajabta aƙalla ɗaya daga cikin biyun ga kowa, da duka biyun har da DMARC, ƙa'idar da ke faɗin abin da za a yi da saƙon da bai ci wannan tantancewa ba, ga masu aika saƙonni da yawa, wanda a wurin Gmail ya kama daga 5,000 a rana. Ga kuma siffar saƙon: jan rubutu, “a yi gaggawa”, da maɓallin shiga asusu. Haka 'yan damfara suke rubuta nasu. Muna koya wa mutane kada su danna irin wannan maɓalli, ku kuma kuna horar da su su danna.

Batun takardar SSL, wadda ke shaida wa birawuza cewa haɗi da shafi a tsare yake, ma haka. Ta Let's Encrypt, cibiyar da ke ba da irin wannan takarda, kwana 90 take yi, ana sabunta ta tun da sauran kwana 30, kuma tun Yuni 2025 suka daina aika tunatarwa ta imel. Idan sabuntawar ta gaza a wurinku, babu mai sani sai birawuza ta fara korar baƙi.

Ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet, ta ce a tunatar da mai sunan shafi kusan wata ɗaya kafin wa'adinsa ya ƙare, a sake da sauran mako ɗaya, sannan cikin kwana 5 bayan ƙarewa. Tunatarwar da ta kwana a shara ba ta kai ga kowa ba.

Muna roƙon ku gyara SPF, DKIM da DMARC a makon nan. Kowace sanarwa ta faɗi sigar da za a sauya, rana da awa, da abin da zai iya karyewa, a kuma liƙa ta a cikin asusun kowa, ba imel kaɗai ba. Ku ɗauki kwafin ajiya na fayiloli da rumbun bayanai kafin kowane sauyi, ku riƙe shi aƙalla kwana 14. Idan SSL ta ƙi sabuntuwa, ku turo saƙon waya a ranar.

Muna jiran amsarku a rubuce.

Wassalam,
Masu kula da shafukan abokan hulɗarku