Sanarwa kan fitarmu ta ranar Asabar zuwa Tiga

Assalamu alaikum ƴan uwa mahaya keke.

In Allah ya kai mu Asabar, za mu tashi daga Kano bayan sallar asuba zuwa Dam ɗin Tiga, ta hanyar Zariya. Hazo ya sauka sosai, direban tirela ba ya hango mai keke sai ya zo dab da shi. Don haka duk wanda ba shi da hular kwano da jar fitilar baya mai ƙyaftawa, ya yi haƙuri ya zauna gida. A yi mata caji tun daren Juma'a.

Mai na'urar Garmin Varia shi zai riƙe bayan ayari. Na'urar da ake maƙalawa a bayan keke ce, tana hango motar da ke tahowa ta baya tun daga kusan mita 140, sai ya ɗaga murya a matsa gefe. Amma kar a sake da ita, ɗan acaɓa da ya biyo hannun da ba nasa ba daga gaba ba ta ganinsa.

Kowa ya kunna rabon wurin da yake a WhatsApp, na awa 8. A zo da ruwa, tuf da famfo. A Kura za mu tsaya shan shayi.