Kamfanonin tufafi su kama mazambata, su daina yi wa masu saye kuɗin goro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan abin da ya zama abin hira a tsakanin matanmu mazauna Ingila, wato matakan da manyan kamfanonin sayar da tufafi ke ɗauka a kan masu mayar musu da kaya bayan sun saya. Kamfanonin sun ce zamba ta ishe su. Na yarda akwai zambar, kuma ba kaɗan ba. Inda muka raba hanya da su shi ne yadda suke gane mazambaci: suna ƙirga yawan kayan da mutum ya mayar, maimakon su duba abin da ya aikata.

Bari in fara ba su gaskiyarsu. Duk wadda ke zuwa biki a ƙasar nan ta san yadda ake yi. Mace za ta yi odar doguwar riga mai tsada a farkon mako, ta saka ta ranar Asabar wurin dina, ta cusa takardar farashin ta cikin wuya, ta sha hotuna, ta taka rawa, ranar Litinin ta ninke ta a leda ta mayar, a dawo mata da kuɗinta cas. Na taɓa zama kusa da wata a wurin walima, tana sunkuyawa za ta ɗauki jaka sai ga zaren takardar ya leƙo ta bayan wuyanta. Ƙawarta ta miƙa hannu ta tura mata shi ciki, aka ci gaba da hira kamar ba a yi komai ba. Kowace ƙabila na yin wannan a nan, sai dai namu ya fi saurin tona kansa, domin humra da turaren wuta ba sa barin yadi da wuri.

Wani ƙanin mijina yana aiki a rumbun ajiyar kaya, a sashen da ake buɗe abin da aka mayar. Abin da yake gani ya wuce rigar biki. Akwai rigar da za ta dawo da hoda a wuya da shatin gumi a hammata, akwai kwat da tikitin mota a aljihunta, akwai tsohon wando da aka ɗinke wa tambarin sabo, akwai kwalin da za a buɗe a tarar ba komai ciki. Ga kuma masu rantsuwa kayan bai iso ba alhali yana cikin ɗakinsu. Ko rigar da ta dawo lafiya lau sai an biya wanda zai duba ta, ya goge ta, ya sake naɗe ta, kuma kafin ta koma kasuwa wataƙila yayinta ya wuce, sai a karyar da ita. A Amurka, ƙungiyar 'yan kasuwar sayar da kaya ɗai-ɗai ta ƙasar ta ƙiyasta cewa a 2023 an mayar da kaya na dala biliyan 743, kuma kimanin dala biliyan 101 daga ciki na zamba ne ko cin zarafin tsarin. Lissafin ya haɗa kowane irin kaya, ba tufafi kaɗai ba, amma ya isa ya nuna girman abin.

Sunan wannan aiki ha'inci, kuma ina faɗa wa 'yan'uwana mata haka a gabansu. Wasu kan ce ai kamfanin na masu kuɗi ne, ba zai ji a jikinsa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma bai ware dukiyar mai kuɗi ko ta wanda ba Musulmi ba ya ce ita halal ce. Asarar ma ba a kan mai kamfanin take ƙarewa ba, a kan farashin da ni da ke za mu biya gobe ake ɗora ta.

Saboda haka akwai matakan da ban taɓa jin mai gaskiya ta yi ƙorafi a kansu ba. Tun a 2013 kantin Bloomingdale's na Amurka ya fara maƙala wata baƙar roba babba a wajen rigunan da suka haura dala 150, a inda ba ta ɓoyuwa. Ki gwada rigar a gida yadda kike so, amma in kin ɓalle robar, rigar ta zama taki. Wannan dabara ta yi, domin wadda ta yi niyyar zuwa biki da rigar aro kaɗai take takurawa. Neman rasit ma daidai ne, haka ƙayyade kwanaki. A 2018 kamfanin L.L. Bean ya soke tsohon alƙawarinsa na karɓar kaya ko bayan shekara nawa, ya mayar da shi shekara ɗaya, bayan ya ce wasu na sayen tsofaffin kayansa a hannun masu gwanjo su kawo a ba su kuɗi. Wa zai ga laifinsa?

Sai maganar kuɗin mayarwa. A 2022 Zara ta fara cire fam 1.95 a nan Ingila ga wanda ya mayar da kaya ta wuraren karɓar saƙo, ta bar shi kyauta ga wanda ya kai kanti da ƙafarsa. A shekarar ce Boohoo ta sa fam 1.99, H&M ta biyo baya a 2023. A watan Oktoba na 2024 ASOS ta fara cire fam 3.95 daga kuɗin waɗanda ta ce suna yawan mayarwa, sai fa idan sun riƙe kaya na aƙalla fam 40 daga odar. Mata sun yi gunaguni, ni ma na yi, amma na san mota da direba da mai dubawa ba kyauta suke aiki ba. Doka ma ta yarda: wanda ya sayi abu ta intanet yana da kwana 14 ya fasa, kuma kanti na iya ɗora masa kuɗin aikawa idan ya sanar da shi tun farko. Sai dai a faɗi gaskiya, wannan kuɗin ba maganin zamba ba ne. Wadda ta ci biki da rigar fam 150 ta biya fam 2, ai ta ci riba. Wadda kuɗin ke ci wa tuwo a ƙwarya ita ce mai sayen rigar fam 12 da ta zo ba daidai ba, har ta gwammace ta jefa ta cikin durowa ta haƙura.

Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne rufe asusu. Tun 2019 ASOS ta yi gargaɗin za ta iya rufe asusun wanda ta ga salon mayarwarsa bai yi mata ba. PrettyLittleThing ta rufe na wasu a 2024, ASOS ma ta yi haka a 2025, kuma kafafen labarai na ƙasar nan sun cika da koken matan da suka ce ba su taɓa saka kaya su mayar ba. A Amurka kuwa akwai kamfani guda, The Retail Equation, da aikinsa shi ne tattara tarihin mayar da kayan mutane don kantuna, na'ura ta ce a karɓa ko a ƙi.

To, me ke sa mai gaskiya ta yawaita mayar da kaya? Na farko dai awo. Lamba 14 a wannan kanti ita ce 16 ko 18 a wancan, wani lokaci ma a kanti ɗaya wando biyu masu lamba ɗaya ba sa zuwa daidai. Mace mai jiki, ko doguwa, ko wadda ta haihu kwanan nan jikinta bai koma ba, dole ta yi odar lamba biyu ko uku ta zaɓi ɗaya. Mu masu neman sutura ta rufin asiri namu ya fi yawa. Za ki ga riga a hoto har ƙasa, ta iso ki tarar an tsaga ta har cinya, ko yadin shara-shara ne ba shafi, ko hannun ya tsaya a gwiwar hannu, ko bayan a buɗe yake alhali ba a nuna bayan a hoto ba. Ba yadda za ki sani sai kin ɗaga ta a gaban taga kin ga ko haske na ratsawa. Wannan mayarwar ba son rai ba ce, kuma ba zamba ba ce.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Su kamfanonin ne suka shafe shekaru suna tallar cewa a saya kawai, mayarwa kyauta ce, har suka haɗa mu da masu ba da bashin saya yanzu biya daga baya, don mu cika kwando ba tare da tunani ba. A farkon 2021 Boohoo ta sayi sunan babban kantin Debenhams, ASOS ta sayi na kantin tufafi Topshop, kuma dukkansu ba su ɗauki kantunan ba, aka rufe su. Wuraren da mace za ta shiga ta gwada riga kafin ta biya sun ragu a garuruwa da yawa. Wanda ba shi da ɗakin gwaji, ya kuma ƙi daidaita awonsa, bai kamata ya yi mamakin ganin kaya na dawowa ba.

Akwai kuma abin da na'urar ba ta sani ba game da gidajenmu. Wata 'yar yayata ita ce mai yi wa gidansu duka oda, ita da mahaifiyarta da ƙannenta, da asusu ɗaya da kati ɗaya, domin ita ta iya. Gab da sallah kaya kan zo da yawa, a gwada a falo, abin da bai yi ba ta ninke shi da takardarsa ta mayar washegari. Rannan sai ga saƙo daga wani kamfani cewa an rufe asusunta saboda ta saɓa ƙa'idar amfani, hukuncin kuma ba ya canzawa. Ba a ce ga rigar da aka samu da datti ba, ba a ce ga adadin da ta wuce ba. Ta rubuta tana neman bayani, amsa ɗaya ta riƙa dawowa kalma da kalma. Abin da ya sa ta kuka ba rashin wurin sayayya ba ne, kantuna ai suna da yawa. Ji ta yi an kira ta ɓarauniya, kuma babu mutumin da za ta tsaya a gabansa ta wanke kanta.

Kamfani na da ikon ya zaɓi wanda zai yi ciniki da shi, ban musa ba. Amma in zai yi hukunci, ya faɗi ƙa'idar a fili tun kafin a saya, da lamba, yadda kowa zai san inda iyakar take. Ya yi gargaɗi kafin ya rufe. Ya ajiye ɗan'adam da zai saurari wanda aka rufe wa. Kada ya saka kayan da suka zo da aibi ko suka saɓa wa hoto cikin lissafin laifin mai saye, tunda dokar kare masu sayayya ta ƙasar nan ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da abu mai aibi a ba shi kuɗinsa cikakke. Sannan ya rubuta tsawon riga da faɗin ƙirji da tsawon hannu da santimita, ya faɗi ko tana da shafi, ya nuna bayanta. Wannan kaɗai zai rage masa kayan da ke dawowa daga irinmu fiye da duk wata tara. Wadda kuwa aka kama da hoda a wuyan riga ko tambarin da aka sauya, a hana ta kuɗin, a rufe asusun, ba mai tausaya mata.

Ranka ya daɗe, na kawo maganar gabanka ne domin na ga ta fara isowa gida ta wata fuskar. Matan da ke sayar da abaya da dogayen riguna da ɗinkakkun kaya ta Instagram da WhatsApp a Kano da Kaduna da Abuja kusan duk sun rubuta cewa in an biya ba a dawo da kaya. Na fahimci tsoronsu. Mai ƙaramin jari, abaya ɗaya da aka ci sallah da ita aka dawo mata da ita na iya cinye ribar mako. Amma wannan rubutun ya zama mafaka ga wadda ke nuna wani yadi a hoto ta aiko da wani. Dokar gasa da kare masu sayayya ta Najeriya ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da ke da aibi ko suka saɓa wa yadda aka siffanta su, kuma hukumar gasa da kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta sha faɗin cewa rubuta ba a mayar da kuɗi ba ya soke wannan haƙƙin. Mai sayarwa na iya kare kanta ba tare da ta taka doka ba: ta ɗauki bidiyon kayan kafin ta ba ɗan aike, ta maƙala alamar da ba ta ɓoyuwa, ta ba da kwana biyu ko uku na dubawa.

Ina roƙon ku tura wakilinku ya zauna da irin waɗannan mata masu sayarwa, da waɗanda ke saye a hannunsu, da jami'an hukumar, ku buga mana da Hausa abin da doka ta ce kowane ɓangare na da shi, da kuma inda mutum zai kai ƙara idan an ƙi karɓar kayan da aka aiko masa ba daidai ba.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Daga mai karanta ku a kullum,
Manchester, Ingila