Ƙorafi kan kwalin wanke faifan garmaho da takardar bayanin da ke cikinsa

Zuwa ga Manajan Sashen Ingancin Kaya,

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu masu gyaran garmaho ne da masu adana tsofaffin faya-fayai. Mun rubuto a kan kwalin wanke faifai da kamfaninku yake sayarwa, mai ɗauke da kwalbar ruwan feshi, buroshi mai laushi, ƙyallen gogewa, ɗan buroshin allura, da rigunan roba na saka faifai. Mun kawo maganar bainar jama'a ne domin kayan sun riga sun shiga hannun mutane, kuma duk wanda ya bi takardar bayaninku sau da ƙafa, ɓata faifansa zai yi yana zaton gyara yake. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Babban buroshin ba shi da laifi, a gaskiya ma yana da kyau. Matsalar tana cikin kwalbar da kuma abin da kuka ce a yi da ita.

Kun rubuta a jikin kwalin cewa ruwan ya dace da kowane irin faifai. Ba ku faɗi abin da ke cikinsa ba, amma da an buɗe murfin hanci yake ba da labari: akwai alkohol, irin sifirit ɗin da ake goge rauni da shi. To ai faifai ba iri ɗaya ba ne. Babban faifai mai juyi 33 da sulusi a minti, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, da ƙarami mai juyi 45 na kamfanin RCA Victor da ya biyo baya a 1949, galibinsu da robar PVC aka yi su, kuma ɗan alkohol da aka tsarka da ruwa ba ya narkar da su. Amma tsohon faifai mai juyi 78, mai nauyin nan da yake fashewa idan ya faɗi, da shalak aka yi shi, wani ƙaro da wasu ƙananan ƙwari suke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ana cakuɗa shi da garin dutse. Kafinta ma da alkohol yake narka shalak idan zai yi fenti mai sheƙi. Feshi ɗaya na ruwanku a kan irin wannan faifai ya isa fuskarsa ta dushe ta yi danƙo, ƙyallen ya taso da baƙi, wanda ba datti ba ne, jikin faifan ne yake biyo shi. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Haka lamarin yake ga faifan da aka yanka kai tsaye a situdiyo, mai farantin alminiyom a ciki da shafen wani fenti mai sheƙi a waje, wanda sau da yawa shi kaɗai ne kwafin da ya rage a duniya. Ba ku sa gargaɗi ko na layi ɗaya ba.

Ko a faifan roba ɗin da ruwan ya dace da shi, umarninku ya tsaya a rabin hanya. Kun ce a fesa, a goge da ƙyalle, a bari ya bushe. Ina ɗauraya?

Sauti yana kwance ne a cikin kwarmin layin faifai, wanda faɗinsa bai kai kaurin gashin kai ba, kuma a fuska ɗaya ta babban faifai tsawonsa ya haura mita 400 idan da za a warware shi. Bakin allurar da take bin wannan kwarmi, irin mai zagayayyen kai da aka fi sani, bai wuce maikiron 18 ba, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ƙyalle ba ya shiga can. Abin da feshi yake yi shi ne ya jiƙa ƙura da maiƙon yatsa, ya gangara da su ƙasan kwarmin. Idan aka bar shi ya bushe a wurin, alkohol da ruwa su tashi, a bar taɓo haɗe da ragowar sabulun da ke cikin ruwan. Faifan zai yi ƙyalli a ido. A ɗora masa allura, kafin a kai waƙa ta uku an ga wani dunƙule mai ruwan toka ya naɗe bakinta kamar audugar da ta sha mai, manyan muryoyi sun fara shaƙewa, ƙarar ƙas-ƙas ɗin da aka so a kawar kuma ta ƙaru. Mai faifan sai ya ɗauka allurarsa ce ta mutu, ya je ya sayi sabuwa, ita ma ta kwashi nata rabon.

Yadda ya kamata takardar ta ce a yi ba wani abu ne mai wuya ba. A fara kwashe busasshiyar ƙura da buroshi kafin ruwa ya taɓa faifan, domin tsakuwar da ke cikin ƙura ita ce take kankare roba idan aka danna ta da ƙyalle. A shimfiɗa faifan a kan tawul mai tsabta marar zubar da zare. A zuba ruwan wankin daidai yadda zai rufe layukan, a bi da buroshi a kewaye, yadda layukan suke tafiya, zagaye uku ko huɗu, a ba shi minti ɗaya ko biyu ya jiƙa dattin. Sannan a ɗebe ruwan tun yana ɗanye, da injin zuƙa idan akwai, in babu da ƙyalle mai tsotsewa. Sai a ɗauraye da tsaftataccen ruwa, a sake ɗebewa, a jingine faifan a tsaye a inuwa kamar rabin awa har ya bushe ƙarau. Faifan da aka mayar riga da danshi, fumfuna ce take jiransa.

Ruwan ɗaurayar kuma ba na famfo ba ne, duk da kun ce za a iya ƙara shi a kwalbar idan ta yi ƙasa. Ruwan famfo yana ɗauke da narkakken ma'adini irin wanda yake yin farin ɓawo a gindin butar shayi, kuma wannan ɓawon ne zai zauna a cikin kwarmin. Wanda ake so shi ne ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa, ko wanda aka cire wa ma'adinai da na'ura. Masu adana sauti a manyan ɗakunan karatu da irinsa suke aiki, suna ɗiga masa wani sinadarin wanki mai suna Tergitol ɗan kaɗan, misalin mililita 2 a lita 4, kuma duk da ƙanƙantar wannan adadi sai sun ɗauraye.

Hoton da ke shafi na biyu ya nuna hannu yana goge faifai daga tsakiya zuwa baki, a gicciye. Haka ake goge faifan CD. A faifan garmaho wannan yana jan datti ya tsallaka layuka, ya bar zane mai yin ƙas sau ɗaya a kowane juyi. A hoton kuma babban yatsa yana kan layukan, feshin yana sauka har kan takardar tsakiya. Faifai da gefensa ake riƙe shi, ko gefe da tsakiya, takardar kuwa idan ta jiƙe tana kumbura, tawadar wasu ma tana zuba.

Ɗan buroshin allura kun ba shi layi guda: a jiƙa shi da ruwan kwalbar a goge. Ba ku faɗi ta wane ɓangare ba. Daga baya zuwa gaba ake yi, yadda faifai yake wucewa a ƙarƙashinta, sau biyu ko uku da sassauci, kuma a bushe. Siririn sandan da yake riƙe da allurar an yi shi ne ya ɗauki nauyin giram biyu ko kusa da haka, shafa ɗaya ta gefe tana iya lanƙwasa shi. A allurai da yawa kuma da gam aka liƙa ƙwayar daimon ɗin, alkohol yana iya sassauta gam ɗin, shi ya sa wasu masu ƙera allura suke hana a kusance ta da shi.

Sai rigunan roba. Masu kauri ne, masu santsi da warin sabuwar leda, wato PVC mai laushi. Abin da yake sa irin wannan roba laushi wani mai ne da ake haɗa ta da shi, kuma a hankali yake fita, musamman a wuri mai zafi. Idan faifai ya daɗe a ciki, sai fuskarsa ta yi hazo kamar gilashin da aka hura wa numfashi, da shuu a cikin sauti, wanki kuma ba ya fitar da shi. Rigar ciki ta siririyar ledar foliyetilin, ko takarda mai shafin irin wannan leda, ita ce daidai. Tana kuma rage lantarkin gogayya, wanda shi ne yake sa faifai ya riƙa jan ƙura daga iska da zarar an zare shi daga riga. Wannan batu na lantarki ko ambatonsa ba ku yi ba, alhali yawancin ƙurar da ake fama da ita daga nan take. Buroshin zaren kabon kafin kowane saurare, faifan yana juyawa sau biyu ko uku ba tare da an danna ba, da rufe murfin garmaho, da jera faya-fayai a tsaye nesa da rana, sun isa su sa a daɗe ba a nemi wankin ruwa ba.

Muna neman ku rubuta abin da ke cikin kwalbar da adadinsa, ku buga gargaɗi da manyan haruffa cewa kada a kusanci faifai mai juyi 78 da ita, ku sake takardar bayanin da hotonta, ku kuma janye rigunan. Waɗanda suka riga suka saya ma suna da haƙƙin ku sanar da su ta hanyar dillalanku da shafinku na intanet. Idan kuna son mu duba sabuwar takardar kafin ta tafi maɗaba'a, a shirye muke.

Muna jiran amsarku a rubuce.

Naku,
Wasu masu gyaran garmaho da adana faya-fayai